Kafin Ki Ɗauki Ƙwaryar Baƙo

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan motar da kinka shiga ta sauke ki Tawa lafiya. Allah ya tsare ki bisa hanya da cikin ɗaki, ya haɗa ki da masu faɗa miki gaskiya ko da ba ta da daɗi. Uwarki na gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Kin ga jiya na tsaya a tasha kamar an dasa ni, ban ce komi ba sai "Allah kiyaye hanya." Ba rashin magana ba ne. Ke ɗiyar fari ce, kuma sunan uwata gare ki, bakina ba ya buɗuwa gabanki cikin mutane. Ni kaina ma har yau in dattawa sun zauna ni ake ce wa in jawo tabarma, don da wuri anka yi mini aure, tazarar da ke tsakanina da ke ba wata mai yawa ba ce. To takarda ba ta jin kunya. Da ɗan bokon da na tsinta a karatun manya zan rubuta, inda na karkace ki daidaita, ke ce madam mai karantar da yara.

Na san abin da anka kira ku Tawa a kansa. Parti ta sa sunanki cikin jerin masu neman kujerar depite, wato ɗan majalisar dokoki, mun gode Allah, mun gode wa waɗanda sunka ga kin isa. Amma mutumin da anka tsayar a Yamai don neman shugabancin ƙasa ba shi mutanenmu sunka so ba, kin sani, na sani. Yanzu ana son kowanenku ya fito ya ce yana bayansa. Kuma na ji an ce ranar da ayarinsa zai bi hanyar Buza zai tsaya garinmu, ke ake so ki miƙa masa ƙwaryar baƙo.

Su manyan parti can ruwan maraba sunka ɗauke ta. Ke kin san ba haka ba ne. Tun kakanninmu ba su kama salla ba ƙwaryar ga take gidan su Baba Nomau. Kowane baƙo ana ba shi ruwa a moɗa, ko ba a san daga inda ya fito ba. Amma in ɗan gari ya durƙusa gaban dattawa ya miƙa wa mutum ƙwaryar ga da farau-farau ciki, to ya ce ke nan, mutumin ga a wuyana yake, abin da ya faɗa muku ni za ku tambaya.

Ba zan ce ki ba shi ba, ba zan ce ki hana shi ba. Ban san shi ba. Abin da na sani, na taɓa riƙe ƙwaryar ga da hannuna, kuma daga nan sunan Illa Gada da kinka tashi kina ji ya samo asali.

Kina tatata lokacin. Alhaji Alkasum, ɗan garinmu da ke sayen albasa a Galma, ya fito neman depite. Ya ɗauke ni saboda muryata, ni ke zama bisa rufin motar kat-kat da amsa-kuwwa ina kiran jama'a. Abin da ya same ki yau shi ya same shi: an tsayar musu ɗan takarar shugaban ƙasa daga sama, wanda mutanen yankinmu ke ganin an fifita shi bisa wani da sunka fi so. An buga zannuwa da hoton su biyu, Alhaji da shi, aka raba wa mata.

Ko'ina munka shiga, daga Madawa har Tamaske, sai in ga gari ya fito. Ganga, guɗa, yara na bin mota. In na kira sunan Alhaji a amsa, in na kira sunan ɗan takarar a amsa. Duk sadda Alhaji ya tambaye ni, "Illa, kai da ke sama, ƙaƙa ka ga mutane?" sai in ce, "Alhaji, duk suna bayansa, kar ka ji komi."

Wata rana na koma gida da rana in ci tuwo, kakarki mai sunanki tana sussuka. Ta ce, "Kai da ke bisa mota, mi kake gani?"

Na ce, "Mutane, Inna, ba iyaka."

Ta ce, "Kawunansu kake gani. Ka sauko wata rana ka dubi ƙugunsu."

Na yi dariya, na ɗauka irin maganar tsofaffi ce. Sai bayan komi ya wuce na gane. Matan nan sun ɗaura zanen ta yadda fuskar Alhaji ke waje, fuskar ɗayan kuwa an cusa ta cikin ɗauri. Wasu ma sun kai wa tela ya yanke ta. A wani gida na tarar da ita bisa bakin tukunya ana tatar kamu da ita. Sun faɗi abin da ke ransu a fili, a jikinsu, ni ne ban sauko ba.

Innata, za su ɗora ki bisa mota, za su ba ki mikoro ki yi magana. Daga can sama kowa masoyi ne, don wanda ya fito kallo da wanda ya fito so duk hannu ɗaya suke ɗagawa. Ki sauka. Ki zauna bakin rijiya, ki shiga garken albasa inda mata ke ban ruwa, ki dubi abin da ake yi da zanen. Ki saurari saƙon murya da ƴan ci-rani ke turo wa iyayensu daga Abija da Libiya, don a gidaje da yawa abin da sunka ce shi ake jefawa ranar zaɓe. Ban ce ki bi duk abin da kinka ji ba. Na ce ki san shi kafin ki buɗe baki.

Alhaji shi bai yarda da maganata duka ba, a nan kam na yaba masa. Wata rana taya ta fashe mana a hanyar Keita, direba na faci, mu muna gindin wata aduwa. Ya ce, "Zo zauna. Motar ga da kake taƙama bisa kanta ba tawa ba ce, ta parti ce. In na ƙi mutumin ga, gobe su karɓe ta. Sunana ma suna iya tura shi gindin jeri, inda ko an ci ba zai kai ni Yamai ba. In na bi shi ya ci, ƙofa ta buɗe mini. In na bi shi ya faɗi, shi ya koma gidansa na birni, ni kuwa Galma zan kwana, cikin mutanen da nake sayen albasarsu."

Na ce, "To Alhaji wanne ya fi nauyi?"

Ya ce, "Da na sani zan zauna ina shawara da mai kuwwa?"

Direba ya tuntsire da dariya har ya saki ƙarfen taya. Ni ma na yi. Alhaji ya ce yana jiran kaset ɗin da samarinmu na Abija za su aiko, don a lokacin da kaset suke aiko da magana, sannan zai zauna da su Baba Nomau, kana ya yanke.

Na daɗe ina juya zancen gindin aduwar nan. Ya auna mota, ya auna jeri, ya auna ƙofa, ya auna albasa. Mutumin da ake maganar ɗauka a wuya shi kaɗai ne ba a auna ba. Sau ɗaya sunka taɓa gaisawa cikin taro. Ni da ke zaune ban ce masa, Alhaji, je ka zauna da shi mana ba, don ban ga giɓin ba sai daga baya. Ke kam ki nemi a zaunar da ke da shi, ko na ɗan lokacin shan shayi ne. Kar ki tambaye shi ƙasa duka. Ki tambaye shi abu ɗaya ƙarami na garinmu, ki ga ko zai tsaya ya yi tunani ko zai ce "an gama" tun ba ki rufe baki ba. In sun ce ba shi da lokacin ganinki, wannan ma amsa ce, ki riƙe ta.

Kaset bai iso ba kasuwar Galma ta ci. Muna gefe guda da motarmu, ƴan wata parti na ɗaya gefen da tasu. Mai kuwwarsu abokin wasana ne, ya san inda zai taɓa ni. Ya ɗaga murya, "Illa, tambayi mai gidanka mana, wa yake bi? Ko sai an gama ƙidaya zai zaɓa?"

Kasuwa ta ɗauki dariya, har masu awon gero. Ni da ake ce wa mai haƙuri, ranar haƙurina gida ya kwana. Na danna amsa-kuwwa na ce, "Jama'ar Galma ku shaida, ranar da baƙonmu zai zo, Alhaji Alkasum da hannunsa zai miƙa masa ƙwarya a garinmu."

Aka yi ta tafi, ni ina jin na rama wa mai gidana. Da munka bar kasuwa Alhaji bai yi faɗa ba. Ya sa aka tsaida mota, ya leƙo ta taga ya dube ni can sama. Ya ce, "Illa, ka sayar mini da albasa tun tana cikin ƙasa." Daga nan munka wuce gida.

Ba maƙiyi ne ya ɗaure shi ba, ni ne, mai sonsa. Ke ma kina da irina. Ƙawayenki na lakkwal, makarantar da kike karantarwa, ƙanin uwarki da ke yawo da hotonki a gaban babur, har ƙanenki da ke rubuce-rubuce a salula. Ki tara su ki ce musu a fili ba ki yanke ba tukuna, kowa ya riƙe bakinsa. In an tsokane su, su ce madam za ta faɗa da kanta. Dariyar kasuwa ba ta kai la'asar, amma maganar da ta fita ta amsa-kuwwa ba ta dawowa.

Ranar ta zo. An share dandali, an shimfiɗa tabarmi, Baba Nomau ya zauna da ƙwarya gabansa an rufe da faifai. Ayari ya iso rana ta take. Aka duba ba Alhaji. Sai ga saƙo wai motarsa ta kafe cikin rairayi wajen Babankatami. Ni na san direbanmu, ko da ido rufe ba ya kafewa a wurin nan. Alhaji ya nemi hanyar tsakiya ne: a ce bai ƙi ba, a ce kuma bai bayar ba.

Baƙo na tsaye cikin rana. Wani babba na parti daga Madawa ya finciko hannuna, "Ba kai ne na Alhaji ba? Ɗauki ruwan ga ka ba shi, kar ku kunyata mu."

Na durƙusa gaban Baba Nomau. Bai saki ƙwaryar nan da nan ba. Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Illa, ka san abin da kake karɓa?"

Na ce, "Ruwa ne, Baba, a madadin Alhaji."

Ya ce, "Ba a yi mata madadi. Hannun da ya miƙa shi muke gani."

Na ji, amma idon jama'a na kaina, kunya ta fi ƙarfina. Na karɓa na miƙa.

Baƙon ya sha, ya gode, mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya tambayi abin da ke damun gari. Aka ce masa ƙoramar da ke raba mu da hanyar Babankatami, in ruwa ya sauko ba mai fita ba mai shiga, ko mace na naƙuda. Ya ce za a yi gada. Watakila har ransa ya faɗa. Aka yi zaɓe, bai ci ba.

Na ɗauka magana ta mutu ke nan. Ashe yanzu ta fara. Damina ta faɗi, ƙorama ta kawo, mutane na tsaye bakin ruwa da jakuna. In na zo wucewa sai in ji, "Illa, gadar baƙonka ta iso Madawa ko tana Yamai tukuna?" Wata tsohuwa ta ce in zo in kwanta su taka bayana. Yara sunka sa mini Illa Gada. Ba da mugunta ake yi ba, amma kullum ne, kuma a bayan dariyar ina ganin da gaske suke jira.

Na yi niyyar tafiya Abija in daɗe. Har na ɗaure kayana. Uwarki ta ce in je in yi wa Baba Nomau sallama tukuna. Na je na ce, "Baba, mutumin ga ya faɗi. Mi ake so in yi?"

Ya ce, "Wa ya tambaye ka ko ya ci? Jakinka na nan?"

Na ce yana nan.

Ya ce, "To dutse bai ƙare a Adar ba."

Na koma na kwance kaya. Da kaka ta wuce na ɗaura amalanke na fara jido dutse daga tudu ina zubawa a mashigar ƙorama. Ban iya ba, tarawa kawai nake. Ruwan farko ya kwashe fiye da rabi, aka samu sabon abin dariya. Na sake. A rani na gaba sai ga wasu mata da sunka taɓa aikin jera dutse a wajen Keita, sunka tsaya suna kallona. Ɗaya ta ce, "Illa, dutse kake jerawa ko tuwo kake kwasa?" Ta ajiye tulunta ta nuna mini yadda ake kwantar da dutse ya cije ɗan'uwansa. Daga nan samari sunka fara zuwa bayan azahar. Ƴan ci-rani sunka aiko da ragar ƙarfe aka ɗaure jerin. Ba gada ba ce, kin san ta, amma ana ƙetarewa.

Alhaji kuwa bai samu ko ɗaya ba. Parti ta ga ya ɓuya, gari ya ga ya ɓuya. Bai je Yamai ba, kuma ya daɗe bai shigo gari da rana ba. Ban riƙe shi a rai ba, don ni na fara ɗaure shi. Bayan wasu shekaru muna aiki sai ga kamiyon albasarsa, babbar motar nan, shaƙe da dutse. Ya sauko, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Illa, ƙwaryata ce ka ɗauka, matsa in kama." Allah ya jiƙansa. Da hannunsa ya sauke rabin kayan nan, ga tsufa ga ƙiba.

Ki duba nan da kyau, Innata. Abin da ya kada Alhaji ba bin mutumin ba ne, ba kuma ƙinsa ba ne. Da ya miƙa ƙwarya da an ce ya zaɓa, da ya fito ya ce ba zai miƙa ba da an ce ya zaɓa. Mutanenmu suna yafe wa wanda ya zaɓa ya yi kuskure, ni shaida ne. Wanda ya laɓe ya tura wani shi ne suke daɗewa ba su manta ba. Don haka ranar nan kar motarki ta kafe, kar kanki ya yi ciwo. Kar ki tura ƙanenki. Ni ma kar ki dube ni, na riga na faɗa wa ɗan Baba Nomau da ke riƙe da ƙwaryar yanzu cewa ba zan karɓe ta a madadin kowa ba.

In kin zauna da mutumin, zuciyarki ta kwanta, ki zo gida tukuna ki faɗa wa dattawa da mata dalilinki, tun kafin su ji a rediyo. Wasu za su ɓata rai, ki bar su su faɗi nasu. Sannan ki durƙusa ki miƙa, kina sane da cewa abin da duk ya faɗa a dandalin nan, ya ci ko ya faɗi, ƙofarmu za a ƙwanƙwasa. In kuwa zuciyarki ba ta kwanta ba, ki faɗa wa manyan parti tun a Tawa, baki da baki, kar ki bari sai ranar. Baƙo ya zo ki tarbe shi, ki shimfiɗa masa tabarma, ki ba shi ruwan sanyi a moɗa, kar ki zage shi, kar ki bari a zage shi. Suna iya tura sunanki ƙasa, suna iya cire shi. Allon lakkwal na nan, gero na cikin rumbu, ɗakinki ba a ba kowa ba.

Ban rubuta wannan don in tsorata ki ba. Ni in na tuna ƙwaryar nan godiya nake yi. Kin tuna ranar jarrabawarki ta shiga kwaleji, da anka yi ruwa da asuba ƙorama ta kawo? Kin cire takalmi kin riƙe a hannu, kin bi bisa duwatsun nan ruwa na dukan ƙaurinki. Ina tsaye a tudu, ban bi ki ba, don kar a ce na cika son ɗiyar fari. Ba ki waiwayo ba sai da kinka kai wancan gefe. Ranar na ce Allah na gode da Baba Nomau bai bar ni na tafi Abija ba. Na gode wa garin da ya yi mini dariya har na tashi, sannan ya zo ya kama mini. Mutanen ga su ne za ki ɗauki baƙo ki kawo musu, ko ki ƙi kawowa. Sun cancanci ki dube su a ido.

Da na dawo daga tasha jiya na jawo amalanke na duba ta. Taya ɗaya ta sace, na kai an yi faci, na sake ɗaure katakon da ya yi sako-sako. Uwarki ta ce mi zan yi da ita yanzu ba lokacin jido ba. Na ce a dai bar ta a shirye. In kin miƙa ƙwaryar, hannunki ne, amma jakin nan da ni mun san hanyar tudu. In kuma moɗa kinka ɗauko, ni zan cika miki ita daga randar uwarki.

Allah ya ba ki ido mai gani da zuciya mai natsuwa. Ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin gaggawa, da sharrin masu sonki in sun yi zafi. Ya kai ki lafiya, ya maido mana ke lafiya, da kujera ko ba kujera. Ki riƙe sallarki, ki ci abinci a kan lokaci, uwarki ta ce in ƙara wannan.

Wassalam.

Ubanki,
Illa Gada